TARIHIN BAƘAR TUKUNYAR ƘARFE DA YADDA IYAYENMU SUKA TSARE TA DAGA TSATSA

Shafin tarihi na wannan fitowa ya tsaya bisa wani abu da ke cikin kusan kowane tsohon gida, watau baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyi, wata da ƙafa uku, wata babu. Yaran yanzu sun fi saninta kife a bayan rumbu ta yi ja wur da tsatsa, ko kuwa ana ba kaji ruwa cikinta. Manya kuwa sun ga zamanin da ake kwatance da gidan da ke da irinta. Za mu faɗi inda ta fito, da hanyar da ta bi ta iso ƙasarmu, da dabarar da iyayenmu suka yi har tukunya ɗaya ta ciyar da kaka da jika. Dalilin wannan magana shi ne, ba mu da maƙerin da ke zuba irinta. Wadda duk ta lalace, ta tafi ke nan.

ƘARFE TSOHON ABU NE A ƘASARMU

Kada wani ya ɗauka Nasara ne suka koya mana aikin ƙarfe. A dutsen Termit, arewa maso gabas da Damagaram, masu binciken tarihi sun tono guraben da mutanen da suka hura wa tama wuta suka fitar da ƙarfe, waɗanda aka ce sun haura shekara 2500. A ƙasar Hausa ma sana'ar nan ta daɗe, musamman a Adar inda ake samun dutsen tama. Cikin shekarun 1960 wata Bafaranshiya mai suna Nicole Echard ta zauna da maƙeran Adar, ta ɗauki aikinsu a sinima. Lokacin nan fitar da tama ya riga ya kusa mutuwa, domin ƙarfen tsofaffin motoci ya fi sauƙin samu.

To, me ya hana maƙeranmu yin tukunya? Amsar tana ga irin ƙarfen da wutarsu ke bayarwa. In an jera tama da gawayi aka hura wuta, abin da ke fitowa dunƙule ne mai ramuka, gauraye da kashin maƙera. Ba ya zama ruwa. Sai maƙeri ya mayar da shi wuta, ya yi ta bugu bisa uwar maƙera har dattin ya fita. Wannan ƙarfe na bugu shi ya dace da hauya, galma, gatari, lauje, wuƙa da mashi, domin yana lanƙwasa bai karye ba. Zubi kuma an san shi, amma ga maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Har igwa ta tagulla an zuba a Damagaram zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Baƙin ƙarfe ne kaɗai ba a zubawa.

Saboda haka dahuwa duka cikin tukunyar ƙasa ake yi. Magina su ne masu riƙe da murhu, kuma har yau Mirya ta yi suna da tukwanenta. Tukunyar ƙasa ba ta tsatsa, tana da araha, tana ba miya ɗanɗano. Aibinta fashewa, musamman in ta yi girma ana tuƙa tuwon jama'a cikinta.

INDA AKA FARA ZUBA TUKUNYA

Ƙarfen zubi wani iri ne dabam. In wuta ta yi ƙarfi ƙwarai, ƙarfe yakan sha sinadarin gawayi, kamar kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Da ya sha haka sai ya narke a zafin da bai wuce digiri 1200 ba, alhali tsantsar ƙarfe sai ya haura digiri 1500. In ya narke ana iya zuba shi cikin kowane irin mazubi, kamar yadda ake yi da tagulla. Mutanen Sin su suka fara gane wannan, wajen shekara 2500 da suka wuce. Turai ba ta kama aikin sosai ba sai bayan ƙarnuka masu yawa.

A Ingila, cikin 1707, wani mutum mai suna Abraham Darby ya samu takardar izini bisa dabararsa ta zuba tukwane cikin mazubin yashi. Da wannan dabara tukunya ta rage kauri, ta rage tsada. A 1709 kuma, a garin Coalbrookdale, ya fara narka ƙarfe da gasasshen kwal maimakon gawayin itace, aiki ya ƙara yawa. A 1759 aka buɗe babbar maƙerar Carron a ƙasar Sikotilan, kusa da garin Falkirk, garin da tukwanensa suka yi suna cikin ƙasashen Afirka. Ƙafa uku da zagayayyen ciki an yi su ne domin wutar itace, don a da su ma Turawa haka suke dahuwa. Da suka koma ga murhun ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen kai, maƙerunsu suka ci gaba da zuba masu ƙafa domin kasuwannin waje. Mu da ke dafawa bisa duwatsu uku, tukunyar ta zo mana daidai.

Halinta biyu ne, kuma ya kamata kowa ya riƙe su. Tana jinkirin yin zafi, amma in ta yi tana riƙe shi, wuta ba ta cinye ta. Sai dai tana da gautsi. In ta faɗi bisa dutse ta tsage, maƙerin baƙi ba ya iya haɗa ta da bugu yadda yake haɗa hauya.

YADDA TA ISO MU

Zamanin ayarin raƙuma irin wannan kaya bai cika ƙetaro hamada ba, ga nauyi, ga fashewa. Bature Barth, wanda ya bi ta Tasawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwar Kano. Na ƙarfe cikinsu su ne ruwan takubba, allurai da asake, duka kaya marasa nauyi masu kawo riba.

Abin da ya buɗe hanya shi ne jirgin ƙasa da gujiya, wadda wasu ke kira gyaɗa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna a manyan garuruwanmu, suna sayen gujiya, suna sayar da yadi, sukari, fitila, kananzir, kwanoni da tukwanen ƙarfe. Kamiyon da ya sauka da buhunan gujiya shi ke hawowa da waɗannan kaya. Manomi in ya sayar da amfaninsa da kaka, sai ya fara fitar da kuɗin haraji. In wani abu ya saura, kuma shekara ta yi kyau, shi ne ake zancen tukunya.

Hanya ta biyu ita ce ta ƴan ci-rani. Iyayenmu da suka yi Kurmi da Gwanja sukan komo gab da damina da abin da Allah ya hore musu, wani da bargo, wani da keke, wani da tukunya ga uwarsa. Ku da ke bariki yau, ku sani cikin tukwanen da ke kwance a gidajenku akwai waɗanda gumin kakanninku ne na rani guda.

Da ta shigo gida sai ta zama dukiyar mace, ana lissafa ta cikin gado. Babbar tukunya kuwa ta gari ce duka, ko da mai ita ɗaya ce. Ranar biki, ranar suna, ranar sadaka, ranar gayya, gidan mai ita ake aika yaro. Aron nan yana da ƙa'ida wadda kowa ya sani. Ba a mayar da tukunya da ƙanzo, ba a mayar da ita jiƙe. A wanke, a busar, a shafa mata mai, sa'an nan a kai, sau da yawa har da ɗan abin biki a ciki. Wadda ta mayar da tukunyar mutane da tsatsa, in ta sake aikowa sai a ce an riga ta.

DABARAR IYAYENMU

Tukunyar baƙuwa ce, amma sanin riƙe ta a hannun matanmu ya zauna. Yadda tsofaffi suka ba mu labari, sabuwar tukunya ba a fara ta da abincin gida. Sai an cuɗe ta da yashi da toka, an tafasa dusa cikinta sau ɗaya ko biyu an zubar, har baƙin ruwa ya daina fita. Bayan nan a shafe ta da kitse ko man gujiya, a ɗora bisa garwashi ta yi hayaƙi. Kullum kuma in an kwashe tuwo, a jiƙa ƙanzo a kankare, a ɗauraye, a mayar da ita bisa sauran wutar murhu ta bushe kafin a kife.

Masu ilimin zamani sun bayyana dalilin da ya sa wannan ke aiki, kuma maganarsu ta zo ɗaya da ta tsofaffi. Tsatsa tana buƙatar abu uku, ƙarfe da ruwa da iska. In suka haɗu, sinadarin da ke cikin iska ya kama ƙarfe ya mai da shi jan gari. Dutsen tama da maƙeran Adar ke haƙowa, shi ma asalinsa ƙarfe ne da iska ta kama. Ashe tsatsa ƙarfe ne ke komawa tama. Abin da wutar maƙeri ta raba, ruwa ke sake haɗawa. Gishiri da tsami kuma suna gaggauta aikin.

Mai shi ne katanga tsakanin ƙarfe da ruwa. In aka shafa shi kaɗan aka gasa, ba ya zama mai kuma, yakan daskare ya zama wata baƙar fata mai santsi, manne da ƙarfe. Kowace suya tana ƙara wa fatar nan kauri. Ku dubi kaskon mai ƙosai ko tandar ƙarfe ta mai masa, shekara da shekaru ba za ku ga ɗigon tsatsa a cikinsu ba, domin kullum suna shan mai da wuta. Baƙin nan na cikin tsohuwar tukunya ba datti ba ne, kada yarinya ta ce za ta goge shi sai ƙarfe ya yi fari.

Ƙasarmu tana taimakon ƙarfe wata 8 cikin shekara, don da hunturu da bazara iska busasshiya ce. Haɗarin yana cikin damina, musamman Yuli zuwa Satumba, lokacin da daɓen ɗaki ke yin sanyi, bango ke shan ruwa. Tukunyar da ke bisa murhu kullum ba ruwanta da wannan. Wadda aka rufe da murfinta aka ajiye a ƙasa cikin ɗakin da ba a buɗewa, ita tsatsa ke samu. Zama ke kashe tukunyar ƙarfe.

ZUWAN FARAR TUKUNYA

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, wata sabuwar sana'a ta taso daga Senegal ta bazu cikin Afirka ta yamma, watau zuba tukwane da alminiyom. Shi wannan farin ƙarfe yana narkewa a digiri 660 kawai, saboda haka gawayi da abin hura wuta sun isa. Ana narka tsofaffin kayan injin mota da gwangwanaye, a zuba cikin mazubin yashi, irin dabarar nan ta Darby. Ƴan uwanmu suka koyi aikin suka ƙware, kamar yadda kowa ke gani a kasuwar Katako ta Yamai da sauran manyan kasuwanni. Farar tukunya ba ta da nauyi, tana saurin zafi, ba ta tsatsa, yarinya ma tana iya ɗaukar ta. Ba abin mamaki ba ne da mata suka karɓe ta hannu biyu. Daga nan baƙar tukunya ta fara komawa bayan ɗaki.

Sai kuma fari ya ƙara nasa. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, gidaje da yawa sun sayar da abin da suka mallaka don su sayi hatsi, waɗansu kuma suka kulle ɗakuna suka tafi. Tukwanen da suka tsira daga wannan, yau masu sayen tsohon ƙarfe da kilo ke yawon nema.

Kafin kowa ya sayar, ga magana biyu daga masu binciken lafiya. A ƙasar Habasha an yi gwaji wanda aka bayyana a 1999, aka ga yaran da aka dafa wa abinci cikin tukunyar ƙarfe shekara guda sun fi samun sauƙin ƙarancin jini bisa waɗanda aka dafa wa cikin ta alminiyom. Dalili, ɗan ƙarfen da ke shiga abinci irin wanda jini ke buƙata ne. Wannan bai hana a kai mara lafiya likita ba. A Kamaru kuma, binciken da aka bayyana a 2014 ya samu gubar dalma, irin dalmar da ke cikin batirin mota, tana fita daga waɗansu fararen tukwane da aka zuba da tarkace. Ba mu ce a bar farar tukunya ba, kuma masu zuba ta ƴan uwanmu ne da ke neman halalinsu. Abin da muke cewa, da tsohuwar zuma ake magani.

YADDA ZA A TAYAR DA WADDA TA YI TSATSA

Da fari a duba lafiyarta. A ɗaga ta a ƙwanƙwasa da tsinken ƙarfe. Mai lafiya tana amo kamar ƙararrawa, tsagaggiya kuwa muryarta a dushe take. A cika ta da ruwa a ga ko tana yoyo. In ba tsaga ba huda, komai jan da ta yi tana tashi, domin kaurinta ya sa tsatsa ba ta saurin ratsa ta.

In tsatsar sama-sama ce, yashi da toka da soso sun isa, ko soson ƙarfe na kanti. Inda ta yi ɓawo a kankare da tsingaro. In ta ci ƙwarai, a jiƙa tukunyar cikin ruwan tsamiya mai kauri, ko ruwan kal da aka haɗa da ruwa rabi da rabi. A riƙa dubawa kowace awa ana gogewa, kuma kada a bari ta kwana ciki, don tsami in ya gama da tsatsa ƙarfen yake komawa ci. A ɗauraye da ruwan toka don ya kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da ruwa mai kyau.

Nan take a ɗora ta bisa wuta ta bushe ƙarau. Kada a ce rana za ta busar, domin ƙarfen da aka tsiraita yakan sake yin ja kafin a sha shayi. Tun tana da ɗumi a shafa mata man gujiya ko man kaɗe ko kitse da tsumma, ciki da baya, har ƙafafu da murfi. Sa'an nan a goge da busasshen tsumma kamar ba a so man ya saura. Man da ya yi yawa danƙo yake yi, ya yi wari. A kife ta bisa garwashi wajen awa guda har hayaƙi ya ɗauke, a bar ta ta huce da kanta. A maimaita haka sau 3. Kwanakin farko a yi suya da ita ko dahuwa mai maiƙo, kafin a koma ga sauran abinci.

Ga abubuwan da ba a yi. Ba a kwara ruwan sanyi cikin tukunya mai zafi, tsagewa take yi. Ba a wanke ta da ruwan batir ko kananzir, ba a shafa mata baƙin man inji ko fenti, duk guba ne. Ba a barin miyar yakuwa ko ta tumatir ko kunun tsamiya su kwana cikinta. In an dafa abu mai kanwa da yawa a sake shafa mai, don kanwa tana cin fatar nan. Tukunyar da aka taɓa narka dalma ko dama maganin ƙwarin gona cikinta, ta bar murhu har abada.

Wajen ajiya kuma, kada ta taɓa ƙasa. A ɗora ta bisa katako ko a rataye, murfi dabam, don iska ta shiga. A duba ta sau 3 a shekara, da faɗuwar ruwan fari, da tsakiyar watan Agusta, da kaka. In an ga ɗigon ja a goge a shafa mai tun bai yaɗu ba.

ABIN DA MUKE ROƘO

Muna kawo shawara uku gaban taro mai zuwa. Ta fari, a ƙidaya manyan tukwanen ƙarfe da suka rage cikin gari, da na ƙungiya da na gidajen da suka yarda a riƙa ara, a rubuta su cikin littafi. Ta biyu, a damƙa kula da su ga dattijuwa ɗaya da ƴan mata biyu masu taya ta, a fitar musu da kuɗin litar mai guda daga asusu kowace shekara, kuma a komo da tsohuwar ƙa'idar aro. Ta uku, ku ƴan uwa da ke waje, in za ku kulle ɗaki ku tafi, ku bar tukunyarku hannun wadda za ta riƙa dahuwa da ita, ya fi ku bar ta a kulle.

Iyayenmu mata, ku kuma muna roƙonku ku zaunar da jikokinku ku nuna musu da hannu, don takarda ba ta kai gani ba. Wadda ta san tarihin tukunyarta, wa ya sayo ta, daga wace kasuwa, a wace shekara, ta faɗa wa magatakarda ya rubuta. In akwai lamba ko rubutun Nasara a jikinta, a sa ɗan lekwal ya kwafo, domin daga nan ake gane maƙerar da ta fito. Abin da aka tara za mu buga shi a wannan shafi, in Allah ya yarda.

Allah shi jiƙan magabatanmu, shi ba mu damina mai albarka, shi maido matafiya gida lafiya. Amin.